Tsinken Kurkunu a Hular Baba

Da sunan Allah Mai ba da lafiya. Na gaji da maimaita labarin ƙafar Baba ga duk wanda ya tare ni a hanya, shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, mai son ji ya karanta, bakina ya huta. Akwai kuma abin da nake so duk mai tsoho a gida ya riƙe. Idan gyambo ya fito masa a ƙafa, ya ƙi warkewa, kuma ya ce ba ya yi masa zafi, kada ku yi murna da rashin zafin nan. Ku kai shi a auna masa suga, ko da zai yi sati ba ya amsa gaisuwarku.

Ni malamar firamare ce a Bodinga, a nan nake aure. Baba kuwa yana Dandin Mahe, ta ƙasar Shagari, tare da ƙanena Ummaru, tun da mahaifiyarmu ta rasu. Manomi ne tun tasowarsa, gero da dawa da damina, albasa a fadama da rani. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Inno yake kirana. Kada wani ya ɗauka wannan ya sa yana jin maganata.

An gama shuka ana shirin noman fari, sai Ummaru ya kira ni a waya.

"Yaya, an ga jini bisa buzun sallar Baba. Ƙahwatai ta."

"Tun yaushe?"

"An kwan biyu."

Wanda ya san Ummaru ya san kwan biyunsa yana iya kaiwa wata guda. Ranar Asabar na hau mota zuwa Shagari, daga can ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni. Na tarar da Baba a gindin dogon-yaro, ya tsoma ƙafar dama a robar ruwa, yana jan carbi hankali kwance. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗaga ƙafar. Ƙarƙashin ƙananan yatsu biyu ya huje, ƙafar kuma ta kumbura har idon sawu.

"Baba, mi as sami ƙahwag ga?"

"Kurkunu na, Inno. Mun san juna da shi. Sau ukku shina kama ni ina yaro, dut da damina. Ruwa shika so, in ya ji sanyi sai shi leƙo da kai."

Ya sa hannu a bakin hularsa ya zaro wani tsinke da ya fere sumul, tsawon ɗan yatsa. Wai da shi zai naɗe kurkunun idan ya leƙo.

Don 'yan baya, kurkunu wata tsutsa ce fara, doguwa kamar zare. A ruwan tabki ake shan ta, ta yi kusan shekara a jiki, sannan ta huda fata ta fito, yawanci a ƙafa. Ba a fizgo ta. A tsinke ake naɗe ta kaɗan-kaɗan kullum, don idan ta tsinke a ciki ƙafa ta shiga uku. Ni kaina a bakin manya na san ta, sai tabo uku da na tashi ina gani a ƙwaurin Baba.

"Baba, an daɗe ba a ga kurkunu ƙasag ga ba. Shekara nawa kana shan ruwan burtsatse?"

"Ke anka kawo ma takardar mutuwatai?"

Na koma Bodinga ina huci. Amma bari in faɗi nawa laifin. Tun bazara na lura Baba yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana yawan zagayawa, rigunansa kuma sun yi masa yawa. Na ce zafi ne da tsufa. Ni ce ma nake aika masa da sukari da madara da lemo duk ƙarshen wata, ina jin ni 'yar albarka ce.

Sati na biyu na 'yan shawara ne. Gwaggo Ige, ƙanwar Baba, ta taso daga Lambara da ƙullin magani ta tare a gidan. Ita ta daka ganye ta cusa a ramin, ta ɗaure da tsumma. Wani maƙwabci ya ce a ɗiga baƙin man inji. Wani ya ce asiri Baba ya taka a iyakar gona. Kowa likita ne a danginmu, sai an ce a kawo mota ka ga kowa ya tuna yana da uzuri.

Ranar Laraba na nemi izini a makaranta na koma ba tare da na faɗa ba. Allah ne ya kai ni. Na shiga zaure na tarar da wanzami ya hura gawayi, ya sa wani siririn ƙarfe a wuta har ya yi ja. Sakiya za a yi, wato a soka ƙarfen nan a kumburin, a buɗe wa kurkunu hanya. Ban san lokacin da na ɗauki robar ruwan na juye a kan gawayin ba. Zaure ya turnuƙe da toka, wanzami yana tari, Gwaggo tana salati.

"Ɗiyag ga boko ya ɓata ta! Gaban ubanki?"

"Gwaggo, gaban kowa ma. Ba a soka mai ƙarhe ina raye."

Baba bai sake duban inda nake ba ranar. Na san ko zan wuni ina magana ba zai shiga mota don ni ba, sai na koma gida na ɗauko maigidana. Tela ne a kasuwar Bodinga, mutum mai sanyin hali. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu, shi da Baba ba su taɓa haɗa ido ba, ba su taɓa cin abinci wuri ɗaya ba, saboda kunyar surukuta irin ta wajenmu. Washegari ya ari mota, ya cire takalmi tun daga waje, ya tsuguna nesa da tabarma, kansa a ƙasa.

"Baba, mota munka kawo. Alhwarma nika roƙo, a tai a duba ƙahwag ga."

Baba ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya gyara hula, ya miƙe. Abin da 'yarsa ta yi sati biyu tana roƙo, suruki ya samu da magana ɗaya, don ba a ce wa suruki a'a a gabansa. Har yau in na tuna sai in ji daɗi da haushi a haɗe.

A asibitin da ke kusa da mu, layin kati daban, na awo daban, na ganin likita daban, kuma duk mai babbar riga sai ka ga ya wuce ciki wai gaisawa kawai zai yi. Tun sassafe muke nan, sai bayan azahar aka kira mu. Malamar asibiti ta huda wa Baba ɗan yatsa, ta ɗiga jinin a wani ɗan inji, ta duba, ta kira 'yar uwarta ta nuna mata. Likita ya kwance tsumman Gwaggo, ya kau da kai ya numfasa, sannan ya ɗauki allura yana tsikarin tafin ƙafar. Baba yana ta yi masa bayanin kurkunu, bai ma san ana taɓa shi ba.

"Hajiya, kin gani? Ciwon suga ne, kuma ya daɗe. Jijiyoyin ƙafar sun yi barci, ko ƙaya ya taka ba zai ji ba. Ku wuce Sakkwato yau, kada ku ce gobe."

Da la'asar muna wani asibiti a cikin Sakkwato. Aka ba shi gado, aka sa ruwa, aka fara allurar suga da wankin gyambo safe da yamma. Ummaru ya sayar da albasar da ya ɓoye yana jiran ta yi tsada. Gwaggo ta biyo mu da tabarma da buta, ta ce ba ta barin ɗan uwanta a hannun 'yan boko.

Jinya a asibiti jira ce. Ka jira likita, ka jira mai wanki, ka jira layin famfon bayan ɗaki, wanda sai ya ga dama yake kawo ruwa. Wuta in ta ɗauke in yi tsaki, waya in ta ƙi shiga in yi tsaki, har matan da muke jinya tare suka sa mini suna Malama Sufeto. Abokiyar aikina Malama Rabi da ta zo dubiya ta ga halin da nake ciki, sai ta zaro wani littafi daga jaka ta ce in riƙa rage zafi da shi. Ba shi da bango, yaranta sun yage har da shafukan farko, don haka har yau ban san sunansa ko na marubucinsa ba. Ƙagaggen labari ne na wani gidan manoma a bakin fadama, a zamanin da ba mota, ba kwanon rufi, ba agogo.

Littafin ya tafi da ni. Ga gayya ana noma da kiɗa, ga mata suna daka suna waƙa, ga fura a sabuwar ƙwarya. Ba mai jiran wuta, ba mai bin layi. Wata rana da hantsi ban san a fili nake magana ba, na ce, "Kai, mutanen da sun huta!"

Baba, wanda ya yi kwana huɗu ba ya ce mini komai sai "miƙo buta", ya juyo.

"Su wa sunka huta?"

"Na cikin littahin ga, Baba. Manoman da na."

"Karanto in ji hutun."

Haka muka fara. Kullum bayan azahar sai in ja kujera in karanta, har masu gadajen kusa suka riƙa cewa in ɗaga murya. Sai dai ba na shafi biyu Baba bai tsayar da ni ba. Marubucin ya ce matar gidan tana niƙa dawa a dutse tana murmushi.

"Murmushi? Wagga da kic ci sunanta, gwiwunta sun yi kanta awa na raƙumi. In ta tashi daga bisa dutsi sai ta dahe bango."

Marubucin ya ce samari suna ban-ruwa da jigo suna raha. Jigo shi ne doguwar sandar nan mai guga da ake ɗebo ruwa da ita a zuba wa shuka.

"Wanga bai taɓa riƙa hauya ba. Wuni guda kana ja kana zubawa, kahwaɗa ta sage, albasa ba ta ƙoshi ba. Yanzu Ummaru shi ja igiyar inji sau guda, shi zauna inuwa shina latsa waya, shi dawo gida shi ce ya gaji."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Ni kuwa karatun ya fara canza mini. Idan marubucin ya ce yarinya ta tafi tabki da tulu, sai in tambayi Baba nisan tabkin, ya ce kafin ka je ka dawo rana ta take. In tambaye shi launin ruwan, ya ce irin na kunun kanwa, shanu suna sha ta can kuna ɗiba ta nan. Rannan na je famfo na tarar da dogon layi, na shirya bakina, sai na tsaya ina kallon ruwan yana zuba fari tas a bokitin wata mata. Na dai yi tsakin, amma ƙarami.

Ana cikin haka sugan ya ƙi sauka, aka rasa dalili. Sai ranar da na dawo daga karɓo sakamako da wuri, na tarar da Gwaggo ta kare Baba da mayafi tana ba shi fura a kofi. Na ɗanɗana, zaƙi kamar alewa.

"Mutum shi kwanta ciwo a hana mai hura? Ɗan sukari na niɗ ɗiga, don shi ji ƙarhi."

Abin da na faɗa mata ranar ba zan rubuta ba. Na ba ta haƙuri daga baya, kuma har yanzu ina ganin ni ce da gaskiya.

A sati na huɗu yatsun nan biyu suka yi baƙi. Babban likita ya duba, ya faɗa wa Baba da kansa. Yatsu biyu sun mutu, dole a cire su a cikin satin. Idan aka bari baƙin ya hau, ƙafar za a yanke daga ƙasan gwiwa. Manomi kuwa da ƙafa ɗaya, kowa ya san shi da gona sai dai labari.

"Likita, ranka shi daɗe, da yatsu ashirin niz zaka duniya, da su nika komawa. A sallame ni. Abin ga in ya hito, ƙahwa warkewa taka yi."

Aka kawo takardar amincewa, ya ƙi dangwala hannu. Likita ya ce ba a yi wa mai hankalinsa aiki dole. Gwaggo ta fara naɗe tabarma. Ummaru ya tsaya yana kallon sama, don shi bai taɓa musa wa Baba ba. Na sake turo maigidana, wannan karon Baba ya juya fuska bango ya yi kamar barci. Ashe ita ma kunyar tana da iyaka. Kwana biyu muka yi a haka. Kowace safiya in an kwance bandeji sai in duba inda baƙin ya tsaya jiya, in ga ya matsa. Tsoro ya kama ni sosai, kuma haushinsa nake ji kamar in yi ihu. Na je bayan ɗaki na yi kukana, na wanke fuska na dawo.

Rana ta uku bayan azahar, Gwaggo da Ummaru suna zaune, Baba ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Yau ba karatu?" Na ɗauko littafin don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Na karanta a fusace, har na iso wurin da maigidan cikin labarin ya tashi da ƙurji a ƙafa da damina. Idona ya riga bakina zuwa layin gaba, na ga an rubuta kurkunu. Na ce a raina, shi ke nan, littafin ma ya bi bayan Gwaggo. Na haɗa shafi uku na juya.

"Kin tsallake."

"Ba wani abu na ba, Baba."

"Mutum na da ƙurji ga ƙahwa, sai ga shi wurin biki? Koma."

Na koma. Marubucin ya ce ƙurjin yana ƙuna kamar an ɗora garwashi. Baba ya gyaɗa kai.

"Nan ya yi gaskiya. Wuta ta, ba ka ko iya salla tsaye."

Na ci gaba. Tsutsar ta leƙo, aka fara naɗewa, rannan ta tsinke, ƙafa ta kumbura. Sai mutanen gari suka yi gayya suka nome masa gona, wanzami ya yi sakiya, kafin kaka mutumin ya miƙe, har ya ɗauki damin gero da kansa zuwa rumbu. Na rufe littafin ina jiran in ji "kin ji ko?"

"Ƙarya shika yi."

Muryar da ya faɗa da ita ta sa na gadon kusa ya kashe rediyonsa.

"Wace gayya? Shekarar da kurkunu yak kama babanmu, rabin gari na kwance. Wa ka noma ma wani? Nashi ya tsinke kwana tara da hitowa. Anka yi sakiya, anka sake. Ƙahwa ta yi awa turmi, sannan haƙoranai sunka datse, ko ruwa sai da tsumma ake ɗiga mai. Munka aza shi bisa jaki, ni ka kora, uwarmu na biye da Ige goye ga baya, za mu inda anka ce akwai mai allura. Wuni guda muna tahiya. Ba mu kai ba. Gindin wata tsamiya munka sauke shi."

Ni abin da aka taɓa faɗa mini kawai shi ne kakanmu ya rasu da damina. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska, ita ma ashe ba ta taɓa jin yadda aka yi ba.

"Hauyatai da niɗ ɗauka, ta hi ni tsawo. Shi wanga mai littahi tausai yaj ji, yat tashe shi. Namu bai tashi ba."

Na so in yi shiru, amma bakina ba ya shawara da ni.

"Baba, ka ce wuta ta, ba a iya salla tsaye."

"Haka na."

"Naka shina zahi?"

Ya daɗe yana kallon bandejin.

"Inno, na san ba shi na ba. Tun ranar da nig ga jini bisa buzu ban ji komi ba, na sani. Amma kurkunu na san halinai, shina shiga, shina hita, a ƙare. Wanga da likita yac ce, an ce ba shi hita. Har in mutu ina tare da shi."

"Ba shi hita, Baba, amma ana zama da shi. Ga allura nan, ga likita taki ashirin daga gadonka. Ba jaki, ba tsamiya."

Na ji kunyar abin da na faɗa tun kafin in rufe baki. Shi kuwa bai yi fushi ba. Ya dubi fankar da ke juyawa, ya dubi ledar ruwan da ke rataye, ya shafa zanen gadon da tafin hannu.

"Da babanmu ya samu rabin wanga..." Bai ƙarasa ba. Ya juya wajen Ummaru. "Tai ka kira mai takardag ga, tun ban sake shawara ba."

Ummaru ya fita da gudu har ya bar takalmi ɗaya.

Washegari da hantsi aka tura Baba ɗakin tiyata. A bakin ƙofa aka ce ya cire hula. Ya cire, ya zaro tsinken nan, ya miƙo mini.

"Sa shi inda munka tsaya. In na hito ki ƙarasa muna ƙaryar mutumen ga."

An cire yatsu biyu, ƙafar ta tsira, alhamdu lillahi. Likita ya ce da mun ƙara kwanaki da wani zancen ake, kuma da mun zo tun farko da wataƙila ko yatsa ɗaya ba a taɓa ba. Wannan ta biyun ita ke ci mini rai, don na san da sukarina da kwan biyun Ummaru da ganyen Gwaggo duk muna da hannu.

Mun ƙara sati uku a asibiti, sannan na dawo da shi gidana a Bodinga inda zan sa ido a kan kwanonsa. Na koyi yin allurar da kaina. Maigidana ya koma cin abinci a shago saboda kunya. Ina gode wa malaman asibitin nan da suka riƙa wanke abin da ni 'yarsa sai na toshe hanci nake kallo. Ina gode wa Gwaggo ma, ita ta wanke kayansa daga farko har ƙarshe, kuma yanzu ita ke ƙwace rake a hannun masu dubiya. Layin asibiti kuwa ban yafe masa ba. Allah Ya ba duk mai ciwo lafiya, Ya ba masu jinya haƙurin da ni ban samu ba.

Ana gobe Baba zai koma Dandin Mahe, gero ya isa yanka, ya ce in ɗauko littafin mu ƙarasa. Muna tsakar gida da la'asar, yana sanye da takalmi sau-ciki wanda likita ya ce kada ya sake taka ƙasa babu shi. Famfonmu ya yi kwana uku bai kawo ruwa ba, tun safe nake mita. Na karanta har shafin ƙarshe, sai maganar ta yanke a tsakiya. Ashe yaran Malama Rabi sun yage ƙarshen ma.

"Wagga wace irin masihwa ta! Ba hwarko, ba ƙarshe!"

"Bar shi, Inno, ni na san ƙarshen. Mutanen nan sun sha wahalarsu sun mutu. Ɗiyansu sunka sha tasu. Jikanyarsu kuwa anka kawo mata ruwa hat tsakar gida, tana tsaye tana zagin hwanho."

Ya ɗauki butarsa ya miƙe da ƙafafunsa biyu, ba sanda, ya tafi alwala. Na mayar da tsinken cikin littafin, na ɗauki bokiti na nufi burtsatsen bayan layinmu. Taku kaɗan ne, ruwan kuma fari tas. Ko tsaki ɗaya ban yi ba har na dawo.